In Ruwa Ya Shiga Baƙin Man Inji

Duk wanda ya ratsa fadamun Ikara da Maƙarfi da Kudan da rani, abin da zai fara cika masa kunne shi ne rurin injin ban ruwa. Dā can da jigo kakanninmu ke ɗibar ruwa. Amma tun da shirin raya fadama na ƙasa ya kankama cikin shekarun 1990 da taimakon Bankin Duniya, ƙananan injuna suka bazu, har ya zama tumatir da albasa da raken waɗannan ƙasashe sun dogara gare su. To, akwai wata cuta da ke kashe inji a ɓoye, watau shigar ruwa cikin baƙin mai.

Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Kadan ruwa ya garwaya da shi, sai santsinsa ya ragu, tsatsa ta kama boris, ba a jima ba inji ya buga. Manomin da injinsa ya buga ana tsakiyar ban ruwa, kafin ya haɗa kuɗin gyara shukarsa ta yi yaushi.

Hanyoyin ganewa guda uku ne, ba kuwa wadda ke bukatar ko kwabo. Ta fari, a zaro ma'aunin mai a duba. Mai lafiyayye launin zuma gare shi, in ya tsufa ya yi baƙi. Wanda ruwa ya shiga kuwa fari-fari yake yi, kamar shayin da aka zuba wa madara. Ta biyu, a ɗiga ɗan kaɗan bisa tsohon faranti mai zafi ƙwarai. Mai zalla shiru zai yi, ya malale. In da ruwa ciki sai a ji ƙara tsat-tsat, domin ruwa yana tafasa a ma'aunin zafi 100, mai kuwa sai ya wuce nan nesa. Ta uku, a tsiyaye man cikin kwalba a bar shi ya kwana. Da yake ruwa ya fi mai nauyi, in yana da yawa za a iske ya kwanta ƙasa. In kuwa man ya tsinke ne kurum yana warin fetur, to, ba ruwa ba ne, fetur ne ke zurara ciki, maganinsa dabam.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Galibin injunan ban ruwa iska ce ke sanyaya su, saboda haka ruwansu daga waje yake zuwa: ko inji ya sulluɓe cikin rafi, ko ruwan sama ya bi ta salansa, ko robar da ke tare ruwa tsakanin famfo da inji ta cinye, ko kuwa an sayi man da ya daɗe a buɗe. Manyan injunan da ruwa ke sanyaya su, irin su tarakta, sau da yawa gasket ne ke ƙonewa. Masu kwale-kwalen inji na Yawuri da tafkin Kainji su ma sun san wannan cuta, amma tasu a man giya take bayyana, yayin da zaren kamun kifi ya naɗe bayan farfela ya yanke robar.

Da an gane, a kashe inji nan take. A tsiyaye man sarai, a nemi bakanike ya toshe inda ruwan ke shiga, a zuba sabo, a tayar da injin ɗan lokaci, sa'an nan a sake juyewa. Ƙaramin injin Honda GX160 man da yake ci bai kai lita 1 ba, masu ƙera shi kuwa sun ce a sake masa bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100. Tsohon man kuma kada a zubar cikin fadama.

Muna roƙon malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi su karanta wa manoma wannan bayani, domin kuɗin kwalbar mai ɗaya bai kai na sabon inji ba.