Tasha ko matsaya? Sunan wurin tsayuwar tramway a bakin jami'a

Tun da kundin Refondation na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, fassarar kalmomin sufuri ta zama aikin da ke jiranmu. Wannan ɗan rubutu zai duba kalma guda, tare da misali daga Maroko.

A Rabat, jirgin da Faransanci ke kira tramway ya fara aiki a 2011. Layinsa na 1 yana tasowa daga Hay Karima a garin Sale, ya ƙetare kogin Buragrag, ya kai Madinat Al Irfane, unguwar da ta tara sassa da dama na Jami'ar Muhammad na Biyar. Sunan kansa na nufin birnin ilimi. An shimfiɗa ƙarafan a cikin titi, jirgin yana shan lantarki daga wayar da ke bisa kansa. Inda yake tsayawa dandamali ne da rumfa da na'urar yankan tikiti. Ɗalibi ya sauka, ya taka zuwa aji.

Kalmar jirgi ba ta da wuya. Asalinta na ruwa ne, daga baya aka samu jirgin ƙasa da jirgin sama. Saboda haka jirgin cikin gari ya bi tsarin harshen, kuma a ganinmu ya fi taramwai, wanda sai mai Faransanci zai gane.

Wuyar tana ga wurin tsayawa. Faransanci ya raba gare da station da arrêt. Hausa ta ari tasha daga Ingilishi, ta kuma cika ta da ma'anarta. Ga mutumin Yauri, a ƙasar Matamai, tasha fili ce mai ƴan kamasho da masu abinci, inda mota ba ta tashi zuwa Damagaram ko Kano sai ta cika. Ba a san ta da agogo ba. Tashar jirgin da kakanninsa suka sani ita ce ta Kano, inda dogo ya iso a 1911, ita ma ta doguwar tafiya da kaya ce. In aka ce masa tashar jami'a, zai zaci wurin zaman jira ne da lodi, alhali jirgin nan ƴan daƙiƙu yake yi ya wuce, ya cika ko bai cika ba.

Muna ba da shawarar matsaya, bisa ƙirar ma-…-a ta sunan wuri, kamar makaranta da mahauta. Za a ce kalmar ta riga ta ɗauki ma'anar ra'ayin da aka tsaya a kai, musamman a rediyo. Haka ne, amma a matsayar jami'a jimla ce ke warware ma'anar: ba wanda zai ji “na sauka a matsayar jami'a” ya zaci hukuncin majalisar malamai ake nufi. Sai a bar tasha ga ƙarshen layi kaɗai, inda jirgi ke juyawa.