Ina Za Mu Kai Baƙo? Hirar Dare a Arewacin Kaduna

A birnin Prag na ƙasar Cek, ɗan yawon buɗe ido yakan sayi tikiti tun da rana. Da yamma mota ta kwashe shi zuwa wani zaure, a ajiye masa nama da dankali da giya, makaɗa da 'yan rawa sanye da kayan ƙauye su yi ta juyi a gabansa. Ya biya, ya ci, ya kalli al'ada, ya koma masauki. Wanda ya sauko daga jirgin ƙasan Abuja a tashar Rigasa yana neman irin wannan zai sha yawo bai samu ba. Daren Kaduna yana nan da armashinsa, amma ta hannun mai masauki ake shigarsa. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, shi ya sa zaɓin inda za a yi hira yake wuyan wanda aka sauka a gidansa.

Sallah ce ke tsara lokaci. Tsakanin magariba da isha'i ba a zuwa ko'ina. A nan ne uwargida ke aiko da kuloli: tuwon shinkafa da miyar taushe, ko dambu, ko waina idan baƙon na musamman ne. Wanda ya ce ya riga ya ci a hanya ya yi laifi, dole ya sa hannu ko da loma biyu ce. Sai an idar da isha'i maigida zai miƙe ya ce, "Malam, mu ɗan taka waje mu sha iska." Shan iskar nan kan kai ƙarfe sha ɗaya.

Wurin farko majalisa ce. Benci biyu ko tabarma a ƙofar gida, ko gaban shagon tela, a Unguwar Sarki, Tudun Wada, Kawo, Badarawa ko Unguwar Dosa. Kowace da mutanenta, kowa da mazauninsa da ba a gaya wa kowa ba amma kowa ya sani. Da an ga baƙo sai a matsa masa tsakiya. "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya? Ya mutanen Sakkwato?" Daga nan sai siyasa. Tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917 Kaduna ta zama garin gwamna, garin ma'aikata da sojoji da 'yan fansho, kuma har yau ana jin haka a bakin mutanenta. Dattijon da ke gefenka da carbi wataƙila tsohon babban sakatare ne. Wanda ke musu da shi direba ne, kuma ba ya raga masa. A ganina babu wani wasan dandamali da ya kai wannan, domin babu wanda ya shirya shi don baƙo.

Ana cikin hira za a aiki yaro wajen mai nama. Gara ma baƙo ya bi shi ya gani da idonsa. Tsire ya kewaye wuta, balangu na tsiyayar da mai a kan waya, mai nama ya yanko ɗan ɗanɗano ya miƙo a bakin wuƙa kafin a yi ciniki. Ya shimfiɗa takarda, ya yayyanka, ya barbaɗa yaji, ya watsa albasa da tumatir, ya naɗe. A majalisa za a buɗe a tsakiya, kowa ya sa hannu. Idan akwai Buzu a kusa, ƙaramar butarsa na kan gawayi, shayi zai zagayo sau uku a 'yan ƙananan kofuna, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Baƙon da ya sa hannu a aljihu sai a riƙe masa hannu: "Haba, ranka ya daɗe, a garinmu?"

Matasa kuwa nasu baƙon gidan kallo suke kai shi. Allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, janareto na ruri a baya, benci a jere, magoya bayan Arsenal da na Manchester United suna yi wa juna tsiya. Mai son abin gargajiya a nemo masa inda ake dambe, wanda ake farawa da la'asar sakaliya: kalangu na kiran ɗan wasa da takensa, 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada kowa a ɓangarensa.

Kiɗa da rawa na sosai a gidan biki suke, kuma nan ne fagen mata. Baƙuwar da ta zo Kaduna a ƙarshen mako da wuya a rasa bikin da za a ja ta, ko kamu, ko dina a ɗaya daga cikin zaurukan taron da suka cika Unguwar Rimi da Malali. Kiɗan ƙwarya irin na marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ya ja baya, DJ ya karɓe fili, amma liƙi na nan daram. Abin da ya fi kama da liyafar Prag shi ne "ranar ƙauyawa": 'yan birni su ɗaura atamfa sama-sama, su rambaɗa kwalli da jan baki, su ɗauko ƙwarya da faifai, a ci ɗanwake da rama, a yi rawa. Akwai daɗin kallo, ba musu. Sai dai duk wanda ya taso a ƙauye ya san ba haka uwarsa take shiga ba, kuma dariyar da ake yi ba kullum take da tsabta ba.

Kaduna ta taɓa shirya al'ada don baƙi, shiri na gaske. A 1977, lokacin bikin FESTAC, nan aka yi hawan daba da ya tara dawakin masarautun Arewa, aka gina otal ɗin Durbar don masu zuwa. Kafin nan gidan rediyo da talabijin da aka buɗe a 1962, zamanin Sardauna, ya riga ya mai da garin matattarar makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo. Daga nan aka san Samanja na Usman Baba Pategi, daga nan muryar Mamman Shata ta shiga gidajen da bai taɓa takawa ba. Har yanzu idan manyan baƙi suka zo wa gwamnati akan kira 'yan rawar gargajiya su yi wasa a wajen cin abinci. Amma wannan na masu katin gayyata ne.

Wata da wata ma sun bambanta. Da azumi, malamai ne ke jan jama'a: masallacin Sultan Bello, inda Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsiri har rasuwarsa a 1992, yana cika maƙil, kuma daga goma ga wata yara 'yan tashe ke bin layi-layi bayan shan ruwa. Lokacin kasuwar baje koli ta duniya da ke kan hanyar Zariya, iyalai can suke yin yammacinsu. Lokacin gasar folo kuma, masu hali suna filin dawaki.

Sai batun kogi. Tun rikicin shekarar 2000 mazauna garin suka rarrabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogin Kaduna, Kirista a kudancinsa, hirar dare ma ta bi wannan layi. A unguwannin arewa ba a cika ganin giya a fili ba, sai a otal, ko kulob, ko barikin soja. Baƙon da ke son gasasshen kifi da makaɗan zamani akan ce masa a tsallaka gada zuwa Barnawa, kuma mutane na tsallakawa ta kowane ɓangare fiye da yadda na nesa ke zato. Mai masauki dai zai duba agogo, ya lissafa shingayen jami'an tsaro da ke hanya, ya tambaya ko akwai mai a mota, domin Keke Napep na ƙaranci idan dare ya yi nisa. In lissafin bai fita ba, sai ya ce a bari sai gobe, a sake aiken yaro wajen mai nama.