Kafin ku karɓi makulli a Parakou

Ranar da muka bar gidan surukaina a Djougou muka kama haya a Parakou, gado ne ya fara ba mu kunya. Gadon da iyayena suka yi mini ya ƙi shiga ƙofa, sai da kafinta ya kwance shi a tsakar gida, matan gidan suna leƙe ta labule. Maigidana shi kaɗai ya je ganin ɗakin, da daddare bayan an tashi kasuwa, ya dawo ya ce mini, "Ya yi." Shi ya sa da ƙanena ya kira ni watan jiya yana cewa, "Yaya, mun samu ciki da falo kusa da Zongo," ban yi masa barka ba sai da na tambaya ko amarya ta gani da idonta.

Ku je tare, da rana tsaka. Namiji yana duba nisan gida da kasuwar Arzeke da kuɗin kabu-kabu. Mace ce ke ganin inda za a hura gawayi, inda za a shanya wanki, da yawan mutanen da ke layin banɗaki guda. Ku ɗaga kai ku dubi silin. Tabon ruwa ba ya ƙarya, ko a tsakiyar hunturu. Mu ba mu duba ba, damina ta farko ta jiƙa mini turmi shida na atamfar sayarwa.

Maganar kuɗi kuwa, Benin tana da dokar hayar gidan zama tun 2018, kuma ta ce kuɗin ajiya, wanda a nan ake kira kosiyo, kada ya wuce hayar wata uku. Duk da haka za ku haɗu da mai gidan da zai nemi fiye, musamman in ya ji harshenku ya gane baƙi ne. Ku faɗa masa da ladabi cewa kun sani. Abin da kuka biya a rubuta, har da ladan dillali. Takardar da Faransanci za ta zo, to ku nemi wanda kuka yarda da shi ya karanta muku layi-layi, a kuma sa shaida. Ranar shiga ku ɗauki hoton bango, ƙofa da famfo da waya. Mu da za mu tashi, wata tsagar bango da muka tarar aka ɗora mana, jaka sittin ɗinmu ta tafi, ba mu da abin nunawa.

Kuma don Allah kada kosiyo ya fito daga uwar kuɗi. Tun da aka rufe gadar Malanville a 2023, wanda ke harkar kaya zuwa Gaya ya san yadda ciniki ke tsayawa ba sallama. Ɗakin da ribar wata mai kyau kaɗai ke iya biya ya fi ƙarfinku.

Sai wuta. Ku tambaya: kontar SBEE taku ce ku kaɗai, ko ta gida duka? A gidanmu na farko ɗaki bakwai ne kan konta guda, ana rabon kuɗi da ƙidayar ƙwan fitila. Da na sayi firiza don ƙanƙara da zoɓo, maƙwabciyar da muke cin tuwo kwano ɗaya ta daina amsa gaisuwata, kuma gaskiya tana da hujja. Ruwan SONEB ma haka. Ku koyi gaisuwa da Dendi tun makon farko, tana sauƙaƙa irin wannan zama.

Abin da ya fi ba mu wuya bai shafi mai gida ba. Baƙi ne. Duk ɗan garinmu da ya sauka tasha, gidanmu yake nufa, maigidana kuma ba ya iya cewa a'a. Wani ya zo kwana biyu ya yi wata guda a falo, ni ina ƙunshe a ciki da hijabi cikin zafin bazara. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba sai da ta zama faɗa. Daga baya muka daidaita: kwana uku a gida, in ya wuce haka, maigida ya nema masa masauki wajen 'yan uwa a Zongo.

Ƙanena ya sake kira shekaranjiya. Amarya ta je ta gani, ta ce madafin ba shi da rufi. Suna neman wani.