Mas'alar Ambaliya a Kwarin Haɗeja, da Abin da Doka Ta Ɗora wa Ƙaramar Hukuma

Ka sani, ya kai mai karatu, gulbin da ya ratsa ƙasar Haɗeja ba can ne mafarinsa ba. Kogin Kano da kogin Calawa ne su ke gamuwa kudu da birnin Kano, kana ruwan ya bi ta Wudil, ya wuce Ringim, ya isa Haɗeja. Daga nan sai ya rarrabu cikin fadamun Kirikasamma da Guri da Nguru, ya sadu da na Jama'are kusa da Gashuwa, su zarce tare har Tafkin Cadi. Tun daga Ringim zuwa gabas ƙasar shimfiɗe ta ke kamar tabarma, saboda haka in gulbi ya cika ba ya samun gangaren da zai yi gudu, sai ya bazu dama da hagu, ya kwanta inda ya ga dama.

Mutanen dā ba su ɗauki wannan cikowa a kan masifa ba, gama da ita su ke ci. Ita ke shayar da shinkafa, ita ke kawo kifi cikin tafkuna, in ta janye ta bar laima a shuka wake da kayan lambu, Fulani kuma su sauko da shanu su yi rani. Abin da magabata suka kiyaye shi ne bambanci tsakanin wurin kwana da wurin nema. Gari a kan jigawa a ke kafa shi, fadama kuwa ta gona ce da su da kiwo. Daga jigayin nan ne ma jihar da aka yanka daga Kano a 1991 ta sami sunanta.

Al'amarin ya sāke tun da aka tare kogunan daga sama. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ta Calawa kuma da ke wajen Ƙaraye aka gama ta a 1992. Amfaninsu ba ya ɓuya, don da su birnin Kano ke sha, da su kuma a ke noman rani a Kadawa da Kura. Amma kowane magani da nasa ɗaci. A dā gulbi ya kan ƙafe da rani, ciyawar cikinsa ta bushe, farkon ruwan damina mai ƙarfi ya share yashi da laka ya buɗe hanya. Da aka koma sakin ruwa kaɗan kaɗan shekara duka, sai ciyawar nan kacala ta sami abin da ta ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, har wasu rassan gulbin suka toshe. Ruwa ya karkata ya dinga bin reshen Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki da ƙauyuka, alhali mutanen wasu rassan suna kukan ƙishi. Watau gulbi ɗaya, wani ya nutse, wani ya rasa na ban ruwa.

A 2012 aka yi ambaliyar da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce ta halaka mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta fi ta kisa, gama waɗanda suka rasu sun haura 600, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wanda ya ga shinkafa ta fara fitar da kai, kana ya wayi gari yana tuƙa kwalekwale a kanta, ba ya bukatar a karanta masa lissafi.

To, wa ke da hukunci a kan bakin gulbi? A nan mas'alar ta ke da wuya, domin abu ɗaya ne masu shi uku. Ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya yana hannun Gwamnatin Tarayya bisa ga tsarin mulki da dokar ruwa ta 1993, madatsun Tiga da Calawa kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke buɗe su da rufe su. Ƙasa tana hannun gwamna, amana ce a wuyansa, bisa ga dokar ƙasa ta 1978. Ƙaramar hukuma kuwa, wadda ta gaji En'e tun gyaran 1976, tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara, da sha'anin kasuwanni da tashoshin mota. Mai jin wannan zai ce an ba ta ƙaramin rabo. Ba haka ba ne. Rabin ɓarnar da ruwa ke yi a cikin gari daga toshewar lambatu da ƙanƙancin kwalbati ta ke farawa, tun gulbi bai ce kome ba.

Har wa yau dokar 1978 ta ba ta iko babba wanda ba kowa ya san da shi ba. Ƙasar da ba a sa ta cikin haddin birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama da noma a kanta, har eka mai yawa: hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Tana kuma da ikon karɓe wuri don maslahar jama'a, da sharaɗin ta biya mai shi diyyar abin da ya gina ko ya dasa, in kuwa gona ce ta ba shi wata a madadinta. Ashe ke nan mai ikon bayarwa yana da ikon hanawa. In hukuma ta auna iyakar da ruwa ya kai a babbar cikowa, ta kafa alama, ta ce daga nan zuwa gulbi noma ya halatta amma ban da gini, ba ta fita daga haddinta ba. Akwai kuma dokar tsara birane ta 1992 wadda ta ambaci hukumar tsara gari a kowace ƙaramar hukuma, ko da ya ke Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara gari sha'anin jihohi ne, saboda haka kowace jiha da tata ƙa'ida. A 2009 kuma hukumar kiyaye muhalli ta ƙasa ta fitar da ƙa'idodi musamman a kan fadamu da gaɓar koguna da bakin tafkuna. Takardu dai ba su yi ƙaranci ba.

Malamai ba za su ji wannan hani baƙo ba, gama yana cikin littattafan da su ke karantarwa a zaure. A babin raya mataccen wuri, fuƙaha'u sun yi bayanin harimi, watau filin da ke kewaye da rijiya ko kogi ko gari, wanda amfanin abin ba ya cika sai da shi, ba kuwa mai ikon mallake shi shi kaɗai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kawo shi cikin Ta'alimur Radi, inda ya jera hanyoyin da a ke keɓanta da ƙasa. Imam Suyuɗi kuma, da ya ga masu hali suna tura gine-ginensu zuwa gaɓar Nilu a Masar, sai da ya wallafa risala guda a kan hana fitar da gini bakin kogi. Dalilinsu shi ne gaɓa haƙƙin jama'a ce, ta mai ɗiban ruwa da mai jirgi da mai shayar da dabba. Abin da zamani ya ƙara kurum shi ne an gane gulbin kansa yana bukatar wannan fili ranar da ya cika, in kuwa ya tarar an gine shi, zai nemi wani a cikin ɗakunan mutane.

Yadda aka shiga harimin kuwa sananne ne. Farin da aka yi a 1973 da na 1984 ya sa shekaru suka shuɗe ruwa bai kai inda ya saba ba. Yaro ya tashi bai taɓa ganin ruwa a kwarin bayan gari ba, ya girma ya yanka shi fuloti. Jama'a ta yawaita, filin tudu ya yi tsada, na kwari ya yi araha. Kududdufan da aka haƙa don ginin gari, waɗanda su ne ke shanye ruwan sama, aka cike su da shara aka sayar. Ɗan kasuwa ya duba ya ga kwarin nan ne ke bakin titi, ya kafa sito ya zuba riɗi da shinkafa da taki. Ba wauta ce ta kai shi ba, lissafin kusa ya yi. Amma buhun taki in ya kwana ɗaya cikin ruwa ya tashi daga dukiya, arahar fili ba ta mayar da shi. Laifin mai saye bai kai na wanda ya sa hannu a takarda ba, alhali ya san tarihin wurin.

Wannan duka kafin ruwa ne. In ya taso kuma, akwai tsari. An kafa NEMA a 1999, jihohi suna da nasu hukumomin agaji, tsarin da aka fitar a 2010 kuma ya ce kowace ƙaramar hukuma ta kafa kwamitinta na gaggawa. Kowace shekara kafin damina hukumar duba yanayi, NiMet, ta kan faɗi yadda ta ke tsammanin ruwan sama, hukumar auna koguna, NIHSA, kuma ta kan lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari da sunayensu. Sai dai gargaɗin da aka karanta a Abuja bai zama gargaɗi ba sai ya isa kunnen mai unguwa. Aikin kwamitin ke nan: daga sakatariya zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga nan zuwa liman da sarkin kasuwa da sarkin ruwa. Tilas a san tudun da kowace unguwa za ta nufa tun rana tana sama, a san masu jirage da adadin jiragensu, a san gidajen da ke da tsofaffi da masu jego, a kuma san makarantun allo da ke kwana da yara a kwari. Ruwan Tiga ba ya isa Haɗeja a yini ɗaya, kwanaki ya ke yi a hanya, kwanakin nan kuwa su ne jarin mutanen ƙasa in an sanar da su ranar da madatsa ta fara amai.

Abin da ya auku a wasu wurare ya isa aya. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da dare, ya mamaye babbar kasuwa da fadar Shehu da asibitin koyarwa da gidan yari. A ƙarshen Mayu 2025 ruwa ya afka wa Mokwa a jihar Neja kafin gari ya waye, aka tabbatar da rasuwar fiye da mutum 150, ban da waɗanda ba a gani ba, cikinsu har da almajirai. Duka biyu mutane suna barci ya same su.

Akwai wata mas'ala da ta fi kowace tsanani a kwarin Haɗeja, ita ce ta jinga. In gulbi ya fara hauhawa, samarin gari su kan fito aikin gayya dare da rana, suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, aiki ne kuwa na yabo wanda ya ceci garuruwa da yawa. Amma ruwan da aka hana shiga nan bai koma Kano ba, maƙwabta ya nufa. Garin da ya fi yawan samari da buhuna ya tsira, na tsallake ya nutse, daga nan zargi ya tashi, har a kan sa masu gadi da dare don tsoron kada a zo a fasa. Dagaci ba ya iya raba wannan gardama, domin shi ma ɓangare ne. Hukuma ce ya kamata ta zauna da hakimai tun da rani, a yanke inda jinga za ta bi da tsawonta, a kuma yanke fadamar da za a bar wa ruwa ya kwanta, kana a san abin da za a ba masu gonakin da aka sadaukar. Shari'a ta hana mutum ya kau da cuta daga kansa ta hanyar ɗora ta a kan ɗan'uwansa, gari da gari ma haka ne. Tun da gulbin ya ratsa Ringim da Taura da Miga da Auyo kafin ya kai Haɗeja, shawarar ƙaramar hukuma ɗaya ba ta wadatarwa sai an haɗa da na sama da na ƙasa.

Shugabannin ƙananan hukumomi sun daɗe suna cewa ba su da kuɗi, a cikin maganarsu kuwa akwai gaskiya. Shekara da shekaru rabonsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha ya ke bi, har Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Akwai kuma asusun gyaran muhalli da aka kafa tun 1981, wanda su ma suna da kaso a ciki. Yashe gulbi da sare kacala da manyan injuna lalle ya fi ƙarfinsu, sai jiha da Tarayya. Amma kafa turaku a iyakar ruwa, da ƙin sa hannu a takardar fili, da yashe lambatu a watan Mayu, da rubuta sunayen masu jirage, ba su cin abin da rabon shinkafar agaji ke ci bayan ɓarna ta auku.

Tayar da mutane daga kwari shi ne abin da ya fi faɗuwa a baki ya fi wuyar aikatawa. An sha yanka wa ƙauye sabon matsuguni a tudu, bayan shekara biyu a tarar sun koma. Masu ofis su kan ce taurin kai ne. Amma masunci ba ya kwana nesa da jirginsa, manomi ba ya barin gonarsa inda ba ya jin motsin shanu, ga kuma kaburburan iyaye. In sabon wurin ba rijiya, ba masallaci, ba hanyar da mota za ta shiga ranar kasuwa, ba takardar da ta tabbatar wa mutum filin nasa ne, to fili kurum aka nuna masa, ba a tayar da shi ba. Inda abin ya kan zauna shi ne inda tudun ke kusa, gonar fadama ta ci gaba da zama ta mai ita, kwana kaɗai ya sauya.

Bayan ruwa ya janye ma aikin hukuma bai ƙare ba. Rijiyoyin da ambaliya ta shiga sun gauraya da abin da ta kwaso daga masai, daga nan amai da gudawa ke tashi, saboda haka wajibi ne a rufe su har a kwashe a zuba magani. Makarantun da aka sauke mutane a ciki suna jiran a mayar wa yara. Rajistar waɗanda suka yi hasara kuwa a yi ta a bainar jama'a, gaban mai unguwa da liman, a karanta sunaye da ƙarfi, domin a nan ne a kan shigar da wanda ko kazarsa ba ta jiƙe ba, a manta da gwauruwar da ɗakinta ya faɗi. Manoman kwarin kuma abin da su ke fara tambaya shi ne iri da taki da injin ban ruwa kafin sanyi ya shiga, gama laimar da ambaliya ta bari ba ta jiran kowa, alkama kuwa a watan Nuwamba a ke shuka ta.