Ƙauran Namoda: Garin da Dogo Ya Tsaya

Gabatarwa

Lardin Katsina na dā bai sami rabo mai yawa daga hanyar jirgin ƙasa ba. Dogo bai taɓa isa birnin Katsina ba a zamanin Turawa, ballantana ƙauyuka irin su Darini da ke yankin Batsari da Safana. Ya dai ratsa kudancin lardin ta Funtuwa, ya wuce Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda. Wannan maƙala za ta duba abin da matafiyi zai tarar idan ya bi hanyar mota zuwa wannan gari, da dalilin da ya sa ya kamata ɗalibin Hausa ya damu da shi.

Hanya

Wanda ya taso daga Darini, sai ya biyo ta Batsari ya fita Jibiya, sannan ya kama babbar hanyar da ta haɗa Katsina da Gusau, ta Zurmi. Wannan hanya ta daɗe tana ɗauke da fatake da 'yan kasuwa tsakanin ƙasar Katsina da Zamfara. A 'yan shekarun nan kuwa, ɓarnar 'yan bindiga a dajin Rugu da kewayensa ta sa bin ta ya zama kasada, don haka mai niyya ya wajaba ya nemi labarin hanya kafin ya tashi.

Asalin Garin

Garin ya girmi dogo nesa ba kusa ba. Sunansa ya samo asali ne daga Namoda, ɗaya daga cikin jaruman jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fito daga Fulanin Alibawa. Har yau sarautar garin Sarkin Kiyawa ake ce mata. Yana kuma zaune ne a gefen kogin Gagare.

Zuwan Dogo

Jirgi ya isa Kano a 1911. Daga baya aka tsaga reshe daga Zariya, mai tsawon fiye da kilomita 200, wanda ya kai Ƙaura a 1929. Ba don jin daɗin fasinja aka shimfiɗa shi ba. An yi shi ne don kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Da yake nan ne ƙarshen layi, duk kayan da aka tattaro daga arewacin Zamfara a kan jakuna da raƙuma, a nan ake sauke su. Ta haka gari ya cika da dillalai da leburori da ma'aikatan reluwe daga sassan Nijeriya.

Motar da ke kai baƙo garin a yau, ita ce ta karya wannan ciniki. Da kwalta ta yawaita, manyan motoci suka riƙa ɗaukar kaya daga kasuwa kai tsaye. Cinikin gyaɗa ya durƙushe a shekarun 1970, Hukumar Jiragen Ƙasa da aka kafa a 1955 ta yi rauni, jirgi ya riƙa ɗaukewa. Abin da ya sake jawo baƙi shi ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983.

Abin da Ya Rage ga Harshe

Dogo ya bar wa Hausa gado. Kalmomi irin su tasha da tikiti da lebura da reluwe aro ne daga Ingilishi. Ita kuwa kalmar jirgi ta ruwa ce tun asali, Bahaushe ya ɗaura mata ƙasa ya raɗa wa baƙon abu suna. Dogo ma siffa ce da ta koma suna saboda tsawon layin. Bayan kalmomi akwai labarai da waƙoƙin aiki na masu dako, waɗanda ke bakin tsofaffi kawai.

Kammalawa

A 2021 an ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Katsina da Jibiya. Ke nan mutumin Darini zai fi kusa da sabon dogo fiye da tsohon. Kafin hankali ya koma can gaba ɗaya, ya dace ɗalibai su nemi tsofaffin da suka yi aiki a tashar Ƙaura su naɗi abin da ke bakinsu. Ƙarfen dogo yana iya jiran mai nazari shekara hamsin, amma tsoho ba ya jira.