Ciwon Daji na Fankiriyas: Matambayi Ba Ya Ɓata

Sau da yawa majinyaci yakan zauna gaban likita, duk abin da aka faɗa masa sai ya ce "to". Sai an fito waje ya tambayi ɗan rakiyarsa, "Me ya ce?" Ga mai ciwon daji na fankiriyas, wannan kunya tana cin lokaci, ciwon kuwa ba ya jira.

Fankiriyas wani nama ne mai tsawon kamar santimita 15, yana kwance bayan tumbi. Shi ke yin insulin da ruwan narkar da abinci. In ƙari ya tsiro a kansa, yakan toshe hanyar madaciya: idanu su yi shawara, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Kada ka tsaya shan jiƙon shawara a gida. Je asibiti, ka faɗi ranar da abin ya fara.

In an tabbatar da ciwon, ka tambayi likita: Ya bazu zuwa hanta ko bai bazu ba? Za a iya cire shi? Wannan magani na warkarwa ne ko na rage wahala? Nawa zai ci? Ka san amsa kafin ka sayar da gona ko bisa. Kusan mutum 1 cikin 5 ne ake samu da wurin da za a iya yi masa aiki. Babban aikin ana kiransa Whipple, kuma ba kowane asibiti ke yinsa ba. In an tura ka Yamai ko wani babban gari, ka karɓi takardar turawa, ka riƙe duk hotunanka da sakamakon jini cikin jaka ɗaya.

In ba ka jin Faransanci, ka ce a fassara maka. Ka zo da ɗan'uwa mai rubutu. Iyali kuma kada su ɓoye wa majinyaci sunan ciwonsa in yana son sani. Jikinsa ne, shi ke da shawara.

Kada ka ɓoye zafi don a ce kana da haƙuri. In maganin bai kama ba, ka faɗa. Akwai mafi ƙarfi, irin su morfin. In bayan gida yana maiƙo kana ramewa, ka tambayi ƙwayar narkar da abinci. Ko da ba za a iya aiki ba, akwai sauƙin da za a iya samar maka. Ka nema.