Zaɓen Sabuwar Firiza Idan Tsohuwa Ta Mutu

Sau da yawa firiza takan mutu ne a tsakiyar bazara, ko ana jibi Babbar Salla, lokacin da maigida ba shi da sukunin bincike. To, abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne ɗan allon bayanin da ke jikinta. Mai harafin T an ƙera ta ne don jure zafi har digiri 43. Mai N kuwa iyakarta 32, alhali zafin Kano yakan haura 40 a watan Afrilu. Sa'an nan a fifita mai murfi a sama, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, takan kwanta a ƙasa ko da an buɗe. In tana cike, ba a kuma buɗe ta ba, takan riƙe nama kusan kwana 2 bayan ɗauke wuta.